Ƙananan Kamfanonin Jiragen Sama na Arewa: Jiragensu, Hanyoyinsu da Cika Alkawarinsu

Jigilar fasinja a jirgin sama iri biyu ce. Akwai ta jadawali, inda kamfani yake sanar da ranar tashi da lokaci, ya sayar da kujeru ɗaya bayan ɗaya, kuma ya ɗauki alkawarin tashi ko jirgi ya cika ko bai cika ba. Akwai kuma ta shata, inda mutum ɗaya ko hukuma ɗaya take ɗaukar jirgin sukutum, ta faɗi inda za a je da ranar tafiya, ta biya kuɗin gaba ɗaya. Yawancin kamfanonin da attajiran Arewacin Najeriya suka kafa daga 1980 zuwa yau sun haɗa biyun ne. Kabo Air da IRS da Azman Air da Rano Air na 'yan kasuwar Kano ne, Chanchangi ya yi zamaninsa a Kaduna, Max Air kuma na attajirin Katsina ne, Alhaji Ɗahiru Barau Mangal. A gida ana yi musu kallon manyan kamfanoni, amma a ma'aunin duniya ƙanana ne ƙwarai. Kamfanin Ethiopian Airlines na Habasha yana da jirage fiye da 100, su kuwa waɗannan akasarinsu ba sa tara jirage goma masu lafiyar tashi a lokaci guda.

Mazaunin Ƙofar Kuyambana a birnin Zariya ya saba da ganin ƙananan jirage masu farfela suna shawagi a sararin gari. Na ɗaliban Kwalejin Koyon Fasahar Jiragen Sama ne, wadda take da filin jirginta a kan hanyar Sakkwato. Duk da haka babu kamfanin da yake sayar da tikitin tashi daga Zariya bisa jadawali. Bazazzagin da zai shiga jirgi sai ya yi tafiyar kimanin kilomita 80 zuwa Kaduna, ko kimanin kilomita 150 zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, wani lokaci ma sai ya dangana da Abuja. Saboda haka ɗage tashin jirgi ya fi yi masa ciwo fiye da wanda gidansa yake Fagge ko Hotoro, domin shi ya baro gida tun da asuba, kuma komawa wata tafiyar ce daban.

Kano ta daɗe da sanin jirgin sama. A watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a can, a 1936 kuma kamfanin Imperial Airways ya fara kawo wasiƙu ta hanyar Khartoum. Bayan kafa Nigeria Airways a 1958, jigilar cikin gida ta zama tasa shi kaɗai har tsawon shekaru fiye da ashirin. Fasinjan wancan zamani yana iya riƙe tikiti a hannu ya rasa kujera, don an sayar da tikitin da ya fi kujerun yawa. A cikin wannan yanayi ne Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, wanda ya zama Jarman Kano, ya kafa Kabo Air a 1980, kamfanin ya fara tashi a 1981. Da aikin shata ya soma, daga baya gwamnati ta sassauta, ya shiga jigilar yau da kullum tsakanin Kano da Kaduna da Legas da sauran birane. Shi da Okada Air na Cif Gabriel Igbinedion na Benin ne suka fi kowa karya babakeren kamfanin gwamnati, wanda ya ci gaba da lalacewa har aka rufe shi a 2003.

Tarihin jiragen Kabo ya isa ya nuna yadda ƙaramin kamfani yake zaɓen abin hawansa. Ya yi aiki da Caravelle ƙirar Faransa, ya koma BAC 1-11 ƙirar Ingila mai ɗaukar mutum kimanin 100, ya ƙara da Boeing 727 mai inji uku, sannan ya tara manyan Boeing 747. Babu ko ɗaya daga cikinsu da aka sayo sabo fil daga masana'anta. Dukkansu jirage ne da kamfanonin Turai da Amurka da Asiya suka gama cin moriyarsu suka sa a kasuwa. Dalilin a fili yake: sabon jirgi mai kujeru 150 yana cin miliyoyin daloli masu yawa, bankunan Najeriya kuma ba sa ba da bashi mai dogon zango da sauƙin ruwa irin wanda sayen jirgi yake buƙata. Attajirin da ya tara kuɗinsa a harkar mai ko sufuri ko shigo da kaya zai iya biyan kuɗin tsohon jirgi lakadan, ya mallake shi, babu mai binsa bashi. Haka Chanchangi ya yi da Boeing 727 da 737-200, haka IRS na iyalan Isyaku Rabi'u ya yi da Fokker 100 ƙirar Holan. Azman Air na Alhaji Abdulmunaf Yunusa Sarina ya fara jigila a watan Mayun 2014 da Boeing 737-500, Max Air kuma ya shiga jigilar cikin gida a 2018 da Boeing 737-300. Waɗannan nau'o'i biyu na 737 an daina ƙera su tun wajen shekarar 2000.

Sai dai araha ba ta ado. Tsohon jirgi ya fi shan mai, ya fi yawan neman gyara, kuma kayan gyaransa suna ƙara wuya yayin da masu irinsa suke raguwa a duniya. Tsufa kaɗai ba ya sa jirgi ya zama haɗari, domin kowane sashe na jikinsa yana da adadin sa'o'i ko adadin tashi da saukar da aka ƙayyade masa, in ya cika sai a cire shi a sa wani. Jirgi mai shekara 25 da ake bi masa wannan ƙa'ida ya fi mai shekara 10 da ake yi wa rufa-rufa aminci. Abin da tsufa yake jawowa shi ne tsada da zama a ƙasa. Bayan duban da injiniyoyi suke yi kullum kafin tashi, da wanda ake yi bayan 'yan ɗaruruwan sa'o'i, akwai babban garambawul da ake yi wa jirgi bayan kimanin wata 18 zuwa shekara biyu. A nan ana kwance kujeru da bangon ciki da daɓe, a binciki tsatsa da tsagewar ƙarfe, aikin da kan ɗauki makonni. Shekaru da dama ana kai jiragen Najeriya Turai ko Habasha ko Gabas ta Tsakiya don wannan aiki, sai a farkon 2018 kamfanin Aero Contractors ya kammala irinsa na farko a kan Boeing 737 a Legas. Ba abin mamaki ba ne jirgi ya tafi garambawul ya shekara bai dawo ba, domin in an buɗe shi sai a tarar da aikin ya ninka abin da aka yi tsammani, mai shi kuma yana fafutukar neman dala. Wani jirgin IRS ƙirar Fokker 100 ma a hanyarsa ta dawowa daga irin wannan gyara ne ya yi saukar dole a cikin Jamhuriyar Nijar a watan Mayun 2014, ba fasinja a ciki, matuƙansa biyu suka tsira.

Girman jirgi ma zaɓi ne mai nauyi. Boeing 737 yana buƙatar fasinja sama da 100 a kowane tashi kafin ya mayar da kuɗin mai da ma'aikata da harajin filin jirgi. Tsakanin Kano da Legas ana samunsu, amma tsakanin Abuja da Sakkwato ko Katsina a ranar da ba ta da wani taro, rabin kujerun kan tafi babu kowa. Wannan ya sa Rano Air na Alhaji Auwalu Abdullahi Rano, wanda ya fara jigila a 2023, ya zaɓi Embraer 145 ƙirar Brazil mai kujeru 50. Ƙaramin jirgi ya fi saurin cika, sai dai kuɗin da kowace kujera take ci ya fi yawa, kuma ba ya ɗaukar kaya da yawa, abin da fasinjan Arewa mai manyan akwatuna kan yi ƙorafi a kai. A ɗaya gefen kuma Azman ya sayo Airbus A340-600 a 2020, dogon jirgi mai inji huɗu da ya yi aiki da Virgin Atlantic. Irin wannan jirgi ba shi da abin yi tsakanin Kano da Abuja. Don Jidda da Madina aka saye shi.

Aikin Hajji shi ne gatan waɗannan kamfanoni. Najeriya ta sha samun kujeru har 95,000 daga Saudiyya a shekara, mafi yawan maniyyatan kuma daga Arewa suke. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa da dokar 2006, ita take tantance kamfanoni ta raba musu jihohi. Ga kamfani, babu cinikin da ya kai wannan daɗi: fasinjoji sun biya tun kafin lokaci, jirgi yana tashi a cike, kwangilar kuma da dala ake lissafa ta. Boeing 747 da aka cika shi da ƙananan kujeru yana kwashe mutum fiye da 500 a sahu guda. Wannan ne ya sa Kabo ya bar jigilar cikin gida a 2001 ya mai da hankali kan alhazai da shatar ƙasashen waje. Ɗankabo ya rasu a 2002, kamfanin ya ci gaba da jigilar alhazai shekaru fiye da goma bayansa kafin ya durƙushe. Max Air ya bi hanyar ta baibai: ya shafe kimanin shekara goma yana aikin Hajji da Umra da manyan 747 kafin ya fara sayar da tikitin Abuja da Legas.

Matsalar ita ce Hajji na ɗan lokaci ne. Jigilar tafiya ba ta wuce wata guda ko ɗan fiye, haka ma ta dawowa. Jirgin da ya kai maniyyata yakan juyo ba kowa a ciki, a lokacin kwaso alhazai kuma ya tafi ba kowa, duk wannan yana cikin kuɗin kujera. Sauran watannin shekara babban jirgin yana fake a gefen filin jirgin Kano, sai Umrar azumi ko wata shata ta gwamnati, kamar kwaso 'yan Najeriya da rikici ya rutsa da su a wata ƙasa. Jirgin da yake ajiye kuma bai daina cin kuɗi ba, ana biyan inshora da kuɗin fakin, ana tayar da injinansa lokaci-lokaci, matuƙansa suna karɓar albashi. A 2020 da 2021 annobar korona ta hana maniyyatan waje zuwa Hajji baki ɗaya, kamfanonin suka rasa kaka biyu a jere. Da aka buɗe a 2022, Najeriya ta samu kujeru kimanin 43,000 kawai, lokacin shiri ya ƙure, jirage suka yi ƙaranci, har ɗaruruwan maniyyatan Kano da na kamfanonin jirgin yawo suka rasa Hajjin shekarar, NAHCON ta fito ta ba da haƙuri. A 2023 kuma yaƙin Sudan ya rufe sararin samaniyar da ake ratsawa kai tsaye, tilas jirage suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin jigila ya ƙaru. Ga kuma kamfanin Flynas na Saudiyya, wanda yarjejeniyar ƙasashen biyu ta ba shi kaso mai tsoka na maniyyatan Najeriya.

Maniyyacin Zazzau yana ganin sakamakon duk wannan ne a sansanin alhazai na Mando a Kaduna. Ana kiran sahu, mutane su taho da rakiyar 'yan uwa, sai a kwana ɗaya ko biyu ana jiran jirgi. Laifin ba kullum na kamfani ba ne. Wani lokaci biza ce ba ta fito ba, ko guzuri bai iso ba, ko hukumar alhazai ta jiha ta kasa cika kujerun jirgin da ya zo. Filayen jirgin Jidda da Madina kuma suna ba kowane jirgi ƙayyadadden lokacin sauka, wanda ya kuskure nasa sai ya jira a sake ba shi wani, duk sahun da ke bayansa su gusa.

Taswirar jigilar yau da kullum ba ta da faɗi. Kusan kowace hanya daga Abuja ko Legas take farawa ko take ƙarewa: Kano, Kaduna, Sakkwato, Katsina, Maiduguri, Yola, Bauci, Gombe, Birnin Kebbi. Da wuya a samu jirgin da yake haɗa biranen Arewa biyu kai tsaye, mai son zuwa Maiduguri daga Sakkwato sai ya bi ta Abuja ya biya kuɗi biyu. Fasinjojin da suke riƙe waɗannan hanyoyi su ne jami'an gwamnati da 'yan siyasa da 'yan kasuwa da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji. Rashin tsaro a hanyoyin mota ya ƙara musu yawa, musamman a Maiduguri da Sakkwato. Kaduna kuwa kusancinta da Abuja ya rage mata kasuwa, ga jirgin ƙasa da ya fara aiki tsakanin biranen biyu a 2016. Filin jirginta ya ga cunkoson da bai taɓa gani ba a watannin Maris da Afrilun 2017, lokacin da aka rufe na Abuja mako shida don gyaran titin jirgi aka karkato jirage can. Shekara biyar bayan haka, a ƙarshen Maris na 2022, 'yan bindiga suka kai hari a gefen filin suka kashe wani mai gadi, kwana biyu tsakani aka kai wa jirgin ƙasa hari, kamfanoni suka janye jiragensu na wani lokaci. A watannin nan mutumin Zariya ba shi da zaɓi sai Kano. A Jamhuriyar Nijar lamarin ya fi haka ƙanƙanta: Niger Airlines ya fara haɗa Yamai da Damagaram da Agadas da Maraɗi da Diffa ne da Fokker 50 na haya daga kamfanin jiragen Falasɗinu.

Cika alkawarin lokaci ya dogara ne, fiye da komai, a kan yawan jiragen da suke da lafiya a safiyar ranar. A ɗauki misalin kamfani mai jirage huɗu. Ɗaya yana garambawul a waje, ɗaya yana jiran wani ƙarfe da aka yi oda daga Amurka, saura biyu su ne za su ɗauki jadawalin da aka tsara don huɗu. Jirgi guda zai tashi daga Kano zuwa Abuja da safe, ya wuce Maiduguri, ya dawo Abuja, ya tafi Legas, ya koma Kano da dare. Idan hazo ya riƙe shi awa biyu a tashin farko, duk fasinjojin sauran hanyoyi huɗu sun gaji wannan jinkiri, na ƙarshe kuma yana iya rasa tafiyar ɗungum. Tamkar direban haya ne mai mota ɗaya da ya karɓi kuɗin fasinjan tasha biyar. Babban kamfani yana ajiye jirgi da ma'aikatan ko-ta-kwana, ƙarami kuwa ba zai iya ajiye jirgin da ba ya kawo kuɗi ba. Wannan ne ma'anar sanarwar da fasinjoji suka gaji da ji, cewa an ɗage tashi saboda dalilan aiki.

Yanayi yana da nasa kaso. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yakan rage nisan da ido yake gani zuwa 'yan ɗaruruwan mitoci a Kano da Maiduguri da Sakkwato da Yola. Kowane filin jirgi yana da mafi ƙarancin nisan gani da doka ta yarda a sauka da shi, gwargwadon ingancin na'urar da take jagorantar jirgi zuwa titi. In gani ya gaza haka, matuƙi ba shi da ikon gwadawa, ko da fasinjoji sun yi ta surutu. Da damina kuma akwai guguwa da tsawa, da tsuntsayen da kan faɗa cikin inji su lanƙwasa ruwan farfelarsa, jirgi ya zauna har a kawo injiniya da kayan gyara. Zafin bazara yana sa iska ta yi sakayau, inji ya rage ƙarfi, jirgi ya buƙaci titi mai tsawo ko a rage masa kaya, shi ya sa akwati kan biyo mai shi washegari. Filaye da yawa kuma ba sa aiki bayan faɗuwar rana saboda rashin fitilun titi ko ma'aikatan dare, don haka jirgin da ya makara ba shi da damar rama lokaci. A Abuja akan tsayar da kowa in shugaban ƙasa zai tashi ko zai sauka.

Sai kuɗi. Kamfani yana sayar da tikiti da naira, amma kayan gyara da inshora da garambawul da horon matuƙa duk da dala ake biya. A watan Mayun 2022 ƙungiyar masu kamfanonin jirage ta ƙasa, wadda Abdulmunaf Yunusa Sarina yake shugabanta a lokacin, ta yi barazanar dakatar da jigila, tana cewa litar man jirgi ta tashi daga naira 190 zuwa 700. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin kowane ƙarfen da za a sayo ya ninka sau uku ke nan, alhali ba za a iya ninka tikiti haka ba tare da an kori fasinja ba. Azman ya dakatar da jigilar cikin gida a watan Agustan 2023, ya tura ma'aikata hutu, saboda jiragensa sun maƙale a wuraren gyara.

Ma'aikata ma wani ƙulli ne, kuma a nan Zariya take shigowa cikin lissafi. An kafa kwalejinta a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta kuma yaye matuƙa da injiniyoyi da masu ba jirage hanya daga hasumiya, waɗanda suka riƙe Nigeria Airways da kamfanonin da suka biyo bayansa. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja, a nan ta yi karatu, daga baya ta shugabanci makarantar. Ɗalibi yana koyo da ƙananan jirage irin su Tampico da Diamond, ya fita da lasisi da sa'o'in tashi wajen 200. Wannan bai isa ya zauna a gaban Boeing ba, sai ya yi wani horo na musamman a kan nau'in jirgin da zai tuƙa, mai tsadar gaske. Ƙaramin kamfani ba ya son ɗaukar wannan nauyi, don yana tsoron ya horar da yaro wani kamfani ya ɗauke shi da albashi mai tsoka. Sakamakon haka ana da matasa masu lasisi suna zaune ba aiki, kamfanoni kuma suna kukan ƙarancin ƙwararrun kyaftin. Kowane matuƙi sai ya koma na'urar kwaikwayon tuƙi duk wata shida a jarraba shi, doka kuma ta iyakance sa'o'in da zai yi a bakin aiki a rana. In jinkiri ya cinye sa'o'in, ko jirgi lafiya lau yake ba zai tashi ba sai an kawo wasu.

Hanyar da kamfani yake cike giɓi cikin gaggawa ita ce haya. Ana hayar jirgi ziryan a sa masa matuƙan gida, ko a hayo shi da matuƙansa da injiniyoyinsa da inshorarsa ana biya bisa sa'a. Fasinja zai iya ganewa daga lambar da ke jikin jirgin: na Najeriya da 5N take farawa, na Nijar da 5U. Irin wannan haya ta fi yawa a lokacin Hajji, kuma ita ce ta haifar da babban bala'in da Arewa ba ta manta ba. Ranar 11 ga Yulin 1991 wani DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda yake jigila da sunan Nigeria Airways, ya taso daga Jidda da alhazai zuwa Sakkwato. Bincike ya nuna cewa an san iskar wasu tayoyinsa ta yi ƙasa, amma aka bar shi ya tafi don kada a saɓa jadawali. Tayoyin suka fashe a kan titi suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgi da wutar, mutum 261 suka rasu, babu wanda ya tsira. Wannan haɗari yana nuna cewa tashi a kan lokaci da tashi lafiya ba kullum suke tafiya tare ba. Matuƙin da ya ƙi tashi saboda wata fitila ta kama a gabansa ya ɓata wa fasinja rana, amma aikinsa ya yi.

Dokokin da ake bi yanzu yawancinsu bayan haɗurra aka yi su. Ranar 4 ga Mayun 2002 jirgin BAC 1-11 na kamfanin EAS ya zarce ƙarshen titi wajen tashi daga Kano, ya faɗa kan gidaje a Gwammaja, mutum fiye da 100 suka rasu a ciki da ƙasa, har da ministan wasanni Ishaya Mark Aku. Gwamnati ta dakatar da wannan nau'in jirgi, ta kuma hana shigo da jirgin da ya haura shekara 22. Bayan wasu haɗurran jirage na 2005 da na jirgin ADC da ya faɗi a Abuja ranar 29 ga Oktoban 2006 da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo a ciki, aka yi sabuwar dokar da ta ƙarfafa hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, aka kuma tilasta wa kamfanoni ƙara jari kafin ƙarshen Afrilun 2007: naira miliyan 500 ga mai jigilar cikin gida, biliyan 1 ga mai zagaya Afirka, biliyan 2 ga mai tsallaka teku. Tun daga nan hukumar takan dakatar da kamfani tun kafin a yi asarar rai. Ta tsayar da jiragen 737 na Azman a watan Maris na 2021 bayan wasu matsaloli a jere, ta sake su a farkon Mayu bayan bincike. Ta tsayar da na Max Air a watan Yulin 2023, bayan jirginsa da ya taso daga Yola ya samu matsalar taya wajen sauka a Abuja a watan Mayu, da kuma ruwan da aka samu a tankin man wani jirgin a Yola. A ƙarshen Janairun 2025 ƙafar gaban wani 737 na kamfanin ta karye wajen sauka a Kano, duk mutanen ciki suka fita lafiya, kamfanin ya dakatar da jigilar cikin gida aka sake bincikarsa kafin ya dawo. A 2023 hukumar ta fitar da ƙa'idar cewa mai jigila bisa jadawali sai ya mallaki aƙalla jirage shida, abin da ƙananan kamfanoni suka ce zai kore su daga kasuwa.

Ƙa'idojin NCAA sun kuma tanadar wa fasinjan cikin gida haƙƙoƙin da mutane da yawa ba sa nema. Kamfani zai faɗi dalilin jinkiri cikin minti 30 bayan lokacin tashi ya wuce. In jinkiri ya kai awa biyu zai ba da abin taɓawa da damar kiran waya, in ya haura awa uku fasinja yana da ikon karɓar kuɗin tikitinsa. In aka kai tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba, ko aka rufe filin jirgi, wajibi ne a kai shi masauki a kuma dawo da shi. Wanda ya biya da tsabar kuɗi nan take ake mayar masa, wanda ya biya ta banki cikin kwana 14. Diyyar da ake biya a kan soke tashi tana faɗuwa idan dalilin ya fi ƙarfin kamfani, kamar hazo ko rufe sararin sama, amma mayar da kuɗin tikiti yana nan. Hukumar tana da jami'an kare haƙƙin fasinja a manyan filayen jirgi, ciki har da na Kano da Kaduna da Abuja, kuma a wurinsu ake shigar da ƙorafi, tare da tikiti da katin shiga jirgi.